Shekarar da Muka Sauko da Kekuna

Kun sha ji ana kirana Mahauci idan muka je gida hutun sallah, kuma na ga yadda kuke kallon juna, don kun san ko kaza sai na nemi mai yanka mini. Da kuka tambayi gwaggonku Hanne, ta ce muku na yi wa keken kakanku gunduwa-gunduwa na rabar a gari. Ba ƙarya ta yi ba, iya abin da ta sani ke nan. Sauran maganar mu biyu muka san ta, ni da Baba Modu mai faci, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Yanzu da kakarku Inna ma ta koma ga Mahaliccinta, babu wanda zancen zai yi wa ciwo, shi ya sa nake son ku ji shi daga bakina.

Mahaifina ya sayi keken da kuɗin gyaɗa, shekarar da aka yaye ni. Baƙi ne, mai ƙararrawa da kariya a baya. A Ƙafin Maiyaki ta wancan lokaci ba a ɓare takardar da kamfani ya naɗe gangar jikin keke da ita. Har ƙara naɗe ta ake yi da leda mai launi, ja da kore, don duk wanda ya gani ya san sabo ne. Mutum zai yi shekaru yana hawa, takardar tana nan, kuma a ɓare ta kamar a cire wa dattijo hula ne a bainar jama'a. Mahaifina bai more nasa ba. Masallacin Juma'a kawai yake zuwa da shi, kuma bai daɗe ba Allah ya karɓi ransa. Da aka zo rabon gado Inna ta roƙa aka sa keken a kasona, Baffa Isiyaku, ƙanen mahaifina, ya ce a ajiye shi sai ranar aurena. Ta shigar da shi ɗakinta ta ɗora a kan itace don kada tayoyin su taɓa ƙasa. Kowace safiyar Juma'a sai ta jiƙa tsumma ta goge shi tun daga kai har kariya, sannan ta rufe shi da zane. Ba ta ambaton sunan mijinta, keken Malam take cewa. Na taso ina jin ƙamshin turaren wuta da ƙamshin roba a ɗakin nan, har yau ban iya raba su ba.

Kafin in shiga sakandare babur ya riga ya cika garin. Duk wanda ya sayar da amfanin gona sai ya sayi inji, samari suka kama acaɓa a bakin kasuwa. Kekuna suka koma rataye a zauruka, gizo-gizo ya yi musu saƙa, yara suka zare ƙafafun wasu suna wasan gare da su a lungu. Idan aka ga babban mutum a kan keke sai a fara raɗa cewa ya karye. Baba Modu, wani Babarbare da ya zauna garinmu tun yana saurayi yana gyaran keke, ya koma facin tayar babur a gindin bishiyar maina. Ni kuwa duk wannan bai dame ni ba. Yaro ne ni mai nauyin baki, daga gida sai makaranta, idan malami ya kira sunana sai in ji harshena ya ƙi motsi ko da na san amsar. Abin da aka san ni da shi kawai shi ne ajiya. Idan aka ba ni allura in riƙe, bayan shekara za a same ta inda na sa ta.

Muna ajin ƙarshe man fetur ya ɓace. Layin motoci a gidan mai ya miƙe kan hanyar Tudun Wada har ido ba ya ganin ƙarshensa, 'yan bumburutu suna sayar da shi a kwalba kamar turare. Makarantarmu jeka-ka-dawo ce a bayan gari, kuma da yawan ɗalibanta daga ƙauyuka suke. Sai benci ya fara zama fili. Wanda lamarinsa ya fi taɓa ni shi ne Bello, abokin zamana a benci, ɗan Malam Ja'e da ke ruga can wajen Ɗansoshiya. A da kawunsa ke goyo shi a babur idan zai kawo nono gari. Da mai ya yanke sai ya koma tafiyar ƙasa, yana fitowa da asuba, ba ya isa gida sai shanu sun daɗe da dawowa, ba wanda ya ɗaure maruƙa. Bello ya fi mu duka lissafi, kuma shi kaɗai ne bai taɓa yi mini dariyar shiruna ba. Wata rana a lokacin tara ya ce da ni:

"Ɗanlami, Baba ya yanke magana. Ya ce idan sabon wata ya kama ban fara riga shanu isa gida ba, boko ya ƙare."

"Jarrabawa fa? Saura kaɗan."

"Na faɗa masa. Ya ce maraƙi bai san jarrabawa ba."

Garba, shugaban ajinmu, wanda muke ce wa Rediyo saboda ba a kashe shi, yana bayanmu yana ji. Ya buga benci ya ce:

"Kai jama'a! Kekuna nawa ne a rataye a garin nan suna jiran tashin ƙiyama? Mu sauko da su mana!"

Haka ƙungiyar 'Yan Keke ta fara, ba ofis ba hatimi. Muka je wajen mai unguwa muka durƙusa, Garba ya yi bayani, ya ba mu izinin shiga zaure-zaure. Sharaɗin da muka ɗauka shi ne aro: mu gyara, 'yan ƙauye su hau har a gama jarrabawa, mu mayar wa mai shi da kekensa yana tafiya. Ina tuna la'asar ɗin nan da daɗi. Mu yi sallama, mu cire takalma, mu gaida mai gida da gajiya da iyali da kasuwa, sai can Garba ya ɗaga kai sama kamar bai sani ba ya ce, "Baba, wancan ba keke ba ne?" Wani ya kore mu, wani ya ce sai ya yi shawara da ɗansa da ke Kano. Wani tsoho mai sayar da goro ya nuna mana nasa a jingine bayan rumbu ya ce:

"Ni na ba ku. Amma ku nemi izinin kazar da ke kwanci a kwandonsa, ita ce mai shi yanzu."

Muka jira har ta ƙyanƙyashe.

Gindin mainar Baba Modu ya koma kamar kasuwa. Bai karɓi ladan hannunsa ba, ya ce a dai riƙa kawo masa goro. Ni aka ba wankin kayan ƙarfe, don Garba ya ce idan aka bar wa sauran, rabin kusoshin a ƙasa za su ƙare. Ina shimfiɗa tsohuwar tabarma, in wanke sarƙa da kusoshi da ɗan kananzirin da muke tsiyayowa daga fitilun gidajenmu, in jera kowanne da ɗan'uwansa. A nan na gane cewa mutum zai iya zama cikin jama'a ya yi amfani ba tare da ya buɗe baki ba. Baba Modu kuwa ya samu abin wasa, don tsakanin Barebari da Fulani ba a gaisuwar arziki. Da ya hango Bello sai ya ce:

"Ga bawana nan ya iso. Kai, ka san keke ba a tatsarsa ko?"

"Na sani, Baba. Shi ya sa aka bar wa Barebari, ba abin sha a ciki."

'Yan acaɓa ma ba su bar mu ba. Ranar da muka fara fita a jere da safe, suna bakin kasuwa suna ihu, "'Yan boko an koma zamanin jahiliyya!" Ba a yi nisa ba muka fara wuce su a hanya suna tura babur, gumi har gwiwa. Garba ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Sannunku da kiwo! Yau ma bai ci ba?" Sannu a hankali kunyar ta fita daga garin. Malamin asibiti ya sauko da nasa ya kawo gyara, sai wani malaminmu, sai na'ibin liman. Muka je wurin sarkin kasuwa ya ware mana inuwar mangwaro inda za a riƙa jingine kekuna ranar kasuwa, muna karɓa-karɓa wajen tsaro. Idan na rufe ido har yanzu ina jin ƙarar ƙararrawa da sassafe tana fitowa daga kowane lungu, ga hayaƙin ƙosai, ga farar rigar makaranta iska ta kumbura ta.

Amma matsalar Bello ba ta warware ba. Hanyar rugarsu duwatsu ce da kwazazzabai. Keken farko da aka ba shi ƙafar gaba ta lanƙwashe, na biyu sarƙa ta tsinke ya turo shi har gida bayan magariba. Wata kuma ya kusa mutuwa. Baba Modu ya juya ƙafar da ta lanƙwashe ya ce hanyar bawansa ba ta son tsohon ƙarfe, sai an samu wanda bai sha wuya ba. Garba ya kalle ni ya ce:

"Ɗanlami, kowa fa ya san akwai amarya a lulluɓe a ɗakin Inna."

Na san keken mahaifina yake nufi. Na yi kwanaki ina shiga gida da maganar ina fitowa da ita. Ranar da na iya, Inna tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na daɗe, har ta ce:

"In yunwa ce, tuwo bai nuna ba. In magana ce, fito da ita."

Na faɗa mata labarin Bello, ina kallon ƙasa. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Aro ne?"

"Aro ne, Inna. Da an gama jarrabawa zai dawo."

"Ɗan mutane zai bar karatu saboda shanu." Ta ajiye faifan. "Da Malam na nan da ya bayar. Ka ɗauka. Amma kada a ɓare masa takarda."

Washegari da hantsi, ranar da ba makaranta, na tura shi zuwa gindin maina. Ban hau ba, ban ga kaina a kan sirdin mahaifina ba. Mata suna leƙowa, wani dattijo ya tsaya ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, kamar yau aka sauke shi daga mota." Sauran yaran ba su iso ba tukuna, daga ni sai Baba Modu. Ya zagaya shi yana yaba ƙyallin ƙafafun, ya ce tayoyin kawai suka bushe, za a sauya. Sai ya dafa sirdi ya danna da nauyinsa don ya ji ƙarfinsa. Wani abu ya ce ƙas a ƙasa, kusa da feda. Ya ɗago ya dube ni. Ya ɗauki reza ya tsaga ledar kaɗan, daidai inda ba a gani. Takardar da ke ciki ta zama baƙa, ta narke kamar dusar da ta kwana a ruwa. Ya sa babban yatsa ya danna ƙarfen, yatsan ya shige. Jan gari ya zubo a kan ƙafarsa. Ya bi sauran sassan yana latsawa ta kan leda, ko'ina yana lotsawa.

"Wa ke wanke shi?"

"Inna. Duk Juma'a."

"Da ruwa?"

"Da jiƙaƙƙen tsumma."

Baba Modu, wanda ban taɓa ganin bakinsa ya rasa abin faɗa ba, ya zauna a kan benci ya yi salati a hankali.

"Ruwan yana shiga ta bakin leda, ba ya samun hanyar fita. Shekara da shekaru. Da a zaure aka rataye shi aka manta da shi kamar na kowa, da yau Bello ya hau."

Na tsaya ina kallon jan garin nan. Abin da ya zo mini ba keken ba ne, hannun Inna ne yana bin sa a hankali kowace Juma'a, tana motsa baki da addu'a. Idan na mayar da shi a haka ta gani, za ta san da hannunta ta cinye abin da ya rage mata na mijinta. Idan na liƙe ledar na mayar na yi shiru, zai ci gaba da tsayuwa a ɗakinta, Bello kuma ya koma bin shanu. Baba Modu ya ce ƙafafun da sarƙa da birki da kai duk lafiya suke, don ba a naɗe su ba, suna bushewa. Yana kuma da gangar jikin keken mai goron nan, mai ƙarfi, wadda ƙafafunta suka lalace.

"Gadonka ne ko na wani?"

"Nawa ne."

"To kai za ka faɗa. Ni bakina ba ya ciki."

Ban taɓa yanke wata magana a rayuwata ba kafin wannan. Na ji muryata kamar ta wani:

"A kwance shi, Baba. Gangar jikin kuma kada kowa ya gan ta. Ko Bello."

Ya dube ni ya ce, "Ka san abin da za a ce da kai?" Na ce na sani. A gaskiya ban sani ba. Ya cusa ruɓaɓɓen ƙarfen a buhu ya kai bayan shagonsa, ban sake ganinsa ba. Kafin azahar ƙafafun da sarƙar suna jikin keken Bello, sirdin ya tafi ga wani yaro, birkin ga wani. Da Garba ya tambaya, na ce na ga ya fi amfani a raba shi. Ya buɗe baki ya kasa rufewa, rana ɗaya da Rediyo ya mutu.

Na koma gida hannu wofi na faɗa wa Inna abin da na faɗa wa Garba, na ƙara da cewa an yanka gangar jikin an gyara wasu kekunan da ita. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Aro ka ce mini," ta shiga ɗaki. Kafin la'asar Baffa Isiyaku ya iso, ko zama bai yi ba.

"Sabon keke, a takardarsa! Uwarka ta riƙe maka shi tun kana ɗan yaye, ka kai an yi masa fawa kamar akuyar kasuwa? Wannan shi ne bokon? Mahauci kawai!"

Maƙwabta suna ji ta kan katanga, sunan ya zauna. Na durƙusa har ya gama, ban ce komai ba, kuma wannan karon ba nauyin baki ba ne ya hana ni. Inna ta daina yi mini magana. Abincina ina samunsa a rufe a ƙofar ɗakina, in gaishe ta ta amsa da kai. Abin da ya biyo baya ya fi wannan tsawo. Ni da aka sani da ajiya, har Inna ta rasu ba ta sake ba ni ko makulli in riƙe mata ba, gwaggonku take aika wa. Baffa ya zo ɗaurin aurena ya yi duk abin da ya kamata, amma ba a ƙara kirana shawarar gida ba. Kada ku riƙe shi a zuciya. A kan abin da ya gani, yana da gaskiya.

Bello kuwa, ranar farko da ya hau, sai da ya isa ruga ya sha ruwa ya yi sallar la'asar kafin ya ji kukan shanu daga nesa. Haka ya ci gaba har wata ya kama, ba mu ji komai daga mahaifinsa ba, ko e ko a'a. Kullum da safe idona na kan hanyar Ɗansoshiya har sai na hango shi. Sai wata ranar kasuwa aka yi sallama a zaurenmu. Na fita na tarar da wani dogon dattijo da malafa da sanda a kafaɗa, da ƙwaryar man shanu a hannu. Malam Ja'e ne. Ya ce ba wurina ya zo ba, wurin mahaifiyata ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma, Inna ta zo ta tsaya daga bayan ƙofar zaure, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da shanu da ruwa da ciyawa. Sannan ya ce:

"An ce mini ƙafafun da yaron nan ke tafiya da su daga ɗakinki suka fito. Na duba su da kaina. Ni ban san keke ba, amma na san abin da aka kula da shi."

Ina jin numfashin Inna ta bayan ƙofar. Ya ci gaba:

"Na zo in faɗa miki da bakina. Zai ƙarasa karatunsa. Ko an gama wannan aka ce akwai na gaba, ya je. Maruƙa na samu mai ɗaure su."

Malam Ja'e ya fara gyara malafarsa. Can Inna ta ce:

"Allah ya yi masa albarka. Ka ce masa ya riƙa bi a hankali a kan duwatsu."

Sai ta juyo da muryar wajena, karo na farko tun ranar da na fita da keken.

"Ɗanlami, baƙo ya taso tun daga daji, kana tsaye kamar turke? Kawo masa ruwa. In ka dawo ka zo ka ɗauki tuwonka a nan, na gaji da kai maka ƙofa."

Na tafi randa da moɗa a hannu, na daɗe a can fiye da yadda ɗiban ruwa ke bukata.